Labarin zuciya, a tambayi baki

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Gaskiya ne. Amma masu aikin likita sun gano cewa baki ma yana ba da labarin zuciya. Ba maganar da baki ke faɗi muke nufi ba. Cikin bakin kansa muke nufi: dasashi, da harshe, da ganda, da cikin kunci.

Ku duba cikin garinku. Ba za a rasa magidancin da rumbunsa ya ƙare tun damana ba ta faɗi ba. Ya ci bashin hatsi, tiya guda a biya biyu in kaka ta yi. Dare ya raba, kowa ya yi barci, shi kuwa idonsa biyu yana lissafi. Bayan ƴan watanni sai ka ji yana cewa in ya yi asuwaki, jini yake tofarwa. Ba za a rasa kuma matar da mijinta ya tafi bida ba, shekara biyu babu aike babu labari. Ƙuraje su fito mata a baki, su warke, su sake fitowa, har ta kasa cin miya mai yaji.

Wasu su ce zafi ne. Wasu su ce sammu ne. Ba safai ake tuna damuwar da ke cin mutumin ba. Alhali kuwa damuwa ba ta tsayawa a tunani kaɗai. Tana da abin da take zubawa cikin jini, kuma ana iya auna shi.

MI KE FARUWA CIKIN JIKI IN MUTUM YA TSORATA?

Duk wanda ya taɓa feɗe rago ya san ƙoda. Mutum ma yana da ƙoda biyu. Bisa kan kowace ƙoda akwai wani ɗan nama ƙarami, zaune kamar hula. Nauyinsa wajen giram 5 ne. Ƙarami ne, amma aikinsa babba ne. Shi ke zuba wasu sinadarai cikin jini, su zagaya jiki suna kai saƙo. Lokotoro na ce musu ormon. Mu kuwa bari mu kira su ƴan aike.

Ɗan aike na farko sunansa adirenalin. Kana noma, ka ɗaga ciyawa, sai ga kububuwa. Nan take gabanka ya faɗi, zuciya ta shiga bugawa, gumi ya karyo, baki ya bushe, ka yi tsallen da ba ka san kana iyawa ba. Aikin adirenalin ke nan. Wani masani ɗan ƙasar Japan, Jokichi Takamine, ya ware shi a shekara ta 1901.

Ɗan aike na biyu sunansa kortizol. Shi ba ya da gaggawa kamar na farko. Ƙwaƙwalwa ce ke ba da umurni, sai bayan ƴan mintoci ya hau cikin jini. Yana ƙara sukari cikin jini don jiki ya samu ƙarfi. Yana riƙe ƙarfin bugun jini. Yana kuma kwantar da kumburi. Ko babu tsoro, kowa yana da kortizol. Da safe, bayan an tashi barci, yana da yawa. Da tsakar dare yana raguwa ƙwarai, don jiki ya huta. In babu shi sam, mutum ba ya rayuwa. Ke nan kortizol ba abokin gaba ba ne.

To, ina matsalar take? Jiki ba ya bambanta maciji da bashi. Duka biyu haɗari ne gare shi. Amma maciji, ka kashe shi ko ya tsere, an gama, ƴan aike su koma gida. Bashi kuwa da shi kake kwana, da shi kake tashi. Haka rashin lafiyar yaro, da rikicin gona, da zaman kishi marar daɗi, da jiran ruwan da bai zo ba. Sai ƴan aike su yi ta kai da kawowa, wata da watanni, babu hutu.

Wani lokotoro mai suna Hans Selye ya nuna abin da wannan ke yi wa jiki. A birnin Monreyal na ƙasar Kanada ya yi aikinsa, ya bayyana shi a 1936. Ya wahalar da ɓeraye ta hanyoyi daban-daban: wasu da sanyi mai tsanani, wasu da gajiya, wasu da rauni. Da ya buɗe cikinsu, abu guda ya tarar. Ɗan naman nan na bisa ƙoda ya ƙara girma. Gaɓoɓin da ke tanadin masu tsaron jiki sun motse. Tumbi kuma ya yi gyambo. Wahala iri-iri, amma ɓarna iri guda.

YAƘIN DA AKE YI A GINDIN HAƘORI

Yanzu mu koma ga baki. Bakin ɗan Adam gari ne cike da ƙwayoyi ƙanana waɗanda ido ba ya gani. An ƙidaya wajen iri 700. Mafi yawansu ba su da laifi. Amma in ba a wanke baki ba, suna taruwa a gindin haƙori, inda haƙori ya haɗu da dasashi. Ka karce wurin da farce, za ka ga wani farin abu mai yauƙi. Ba sauran tuwo ba ne kaɗai, taron ƙwayoyin ne. In ya daɗe sai ya daskare kamar dutse, asuwaki ba ya fid da shi.

Jiki ba ya zuba ido. Yana tura masu tsaronsa, wato fararen ƙwayoyin da ke cikin jini. Mu ce musu sojojin jiki. Inda sunka taru ana yaƙi, wurin yana yin ja, ya kumbura, ya yi zafi, ya riƙa jini in an taɓa. Wannan shi ne kumburi.

Kumburi kamar wutar sassabe yake. Manomi ya tara ƙirare da ƙaya, ya sa wuta, ta cinye, ya kashe ta, gona ta yi kyau. Amma wutar da anka bari tana ci kwana da kwanaki, sai ta kama darni, ta kama rumbu. Haka yake a baki. Kumburin da bai mutu ba yana cin dasashi, ya gangara ya ci ƙashin da ke riƙe da haƙori. Sai ka ga haƙoran mutum sun yi tsawo, sun yi gwarmi-gwarmi, baki yana wari, wani lokaci da mugunya. Daga nan su fara girgiza. Haƙori lafiyayye, babu kogo ko kaɗan, ya fita. Mu kan ce tsufa ne. Sau da yawa ba tsufa ba ne, wannan ciwon ne. A rahoton da ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta fitar a 2022, ta ce wajen mutum 19 cikin manya 100 suna da ciwon dasashi mai tsanani. A duniya duka, wajen mutum miliyan dubu ke nan.

Ku lura da kyau: ƙwayoyin cuta da dauɗa su ne tushen wannan ciwo. Damuwa ita kaɗai ba ta kawo shi. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Damuwa ce ke tsaga bangon.

TA YAYA TAKE TSAGA SHI?

Ga wani gwaji da anka yi a jami'ar jihar Ohayo ta Amurka, anka bayyana shi a 1998. Ɗalibai 11 masu koyon aikin haƙori sunka yarda a yi musu ɗan rauni a ganda, faɗinsa milimeta 3 da rabi, bai kai ƙwayar dawa ba. Sau biyu anka yi wa kowa. Na farko lokacin hutu, hankali kwance. Na biyu kwana 3 kafin babbar jarrabawa. Kullum ana duba raunin har ya rufe. Mi anka gani? Raunin lokacin jarrabawa ya ƙara wajen kwana 3 kafin ya warke, wato ƙarin kashi 40 cikin 100. Cikin su 11, babu ko ɗaya da ya warke da sauri lokacin jarrabawa kamar yadda ya warke lokacin hutu. Mutum guda, baki guda, rauni iri guda. Hankali ne kaɗai ya bambanta.

Waɗannan matasa ne ƙosassu, kuma damuwarsu ta ƴan kwanaki ce. Sai ku auna da mai iyali goma da rumbu wayam.

Mai karatu da ya bi mu a hankali zai tare mu da tambaya. Zai ce: kun ce kortizol yana kwantar da kumburi. In haka ne, ai mai damuwa ya kamata ya fi kowa rashin kumburi. Tambaya ce mai kyau, kuma ta daɗe tana ɗaure wa masana kai.

Ga amsar. Ku tuna ranar da anka kafa injin niƙa cikin unguwa. Satin farko maƙwabta ba su iya hira saboda ƙara. Bayan shekara guda, ko an tashe shi ba su ji. Kunne ya saba. Haka sojojin jiki suke da kortizol. In sau ɗaya ya zo ya ce a tsaya, sai su tsaya. In kuwa kullum yana kira, dare da rana, sai su kurumce. Ya yi ta cewa a kashe wuta, babu mai saurare. Wani masani a Amurka, Sheldon Cohen, tare da abokan aikinsa, sun nuna haka a 2012: mutanen da sunka daɗe cikin damuwa, ƙwayoyin jininsu ba su jin kiran kortizol sosai, kuma sun fi saurin kamuwa da mura. Ke nan hasara biyu ce. Tsaron jiki ya yi rauni wajen korar cuta da rufe rauni, wutar kumburi kuma ba ta mutuwa.

Akwai kuma miyau. Lafiyayyen mutum yana yin daga rabin litar zuwa litar ɗaya da rabi na miyau kowace rana. Miyau ne ke wanke baki, yana kuma da abubuwan da ke kashe ƙwayoyin cuta. Kowa ya san yadda baki ke bushewa in an kira mutum gaban alƙali. Mai fargaba kullum, bakinsa kullum a bushe yake.

Sauran kuwa a fili suke. Wanda hankalinsa ya tashi ba ya tuna asuwaki. Yana ƙara taba, ta sha ko ta gari, kuma taba babbar abokiyar ciwon dasashi ce. Yana ƙara goro da shayi mai sukari, su kuma su hana shi barci. Wani yana cizon haƙora cikin barci har matarsa ta ji ƙara, ya tashi da ciwon muƙamuƙi. Kortizol kuma yana hawar da sukarin jini, mai ciwon sukari kuwa dasashinsa ya fi saurin lalacewa.

BASHI DA HAƘORI

An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Shi ya sa wani bincike ya fi jan hankalinmu. Robert Genco da abokan aikinsa sun duba bakin mutum 1426 a jihar Niyok ta Amurka, sun kuma tambaye su matsalolin zamansu: aiki, aure, ƴaƴa, kuɗi. Sun bayyana sakamakon a 1999. Cikin matsalolin duka, ƙuncin kuɗi ne ya fi tafiya tare da lalacewar dasashi da ƙashin haƙori.

Amma ga inda labarin ya yi daɗi. Ba duk masu ƙuncin kuɗi ne bakinsu ya lalace ba. Waɗanda sunka zauna suna ta saƙe-saƙe da ɓacin rai, su ne sunka fi shan wuya. Waɗanda sunka tashi suna neman mafita, suna tsara yadda za su biya, bakinsu bai fi na marasa bashi lalacewa ba. Bashin yana nan, amma bai ci su ba.

A ganinmu wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Ba mu ce wa mai yunwa ya daina damuwa ba, wannan maganar ƙoshi ce. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ke ɗauke da kayansa shi kaɗai cikin duhu da wanda ya sauke su gaban jama'a. Bankin hatsi na gari, da adashi, da ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da sunka soma a jihar Maradi a 1991, duk suna rage kwanan zaune. Ba don haƙori anka kafa su ba, amma haƙori ma yana cin moriya.

WASU CIWACE-CIWACEN BAKI

Akwai ƴan ƙurajen nan masu zafi, zagayayyu, tsakiya fari-fari, gefe ja. Suna fitowa cikin leɓe ko gefen harshe. Wajen mutum ɗaya cikin biyar yana fama da su. Suna warkewa da kansu cikin sati ɗaya zuwa biyu, amma suna dawowa, musamman lokacin damuwa da rashin barci. Ƙarancin jini da rashin abinci mai gina jiki ma suna kawo su. Ba a ɗaukar su daga wani.

Akwai wani kuma da ya kamata mu tsaya kansa, don mutane ba su san shi ba. Lokotoro na ce masa liken pilan. Ka buɗe baki gaban madubi, ka duba cikin kunci. Mai wannan ciwo zai ga fararen zane siri-siri, sun sarƙe kamar saƙar gizo-gizo, galibi dama da hagu duka. Ko an goge ba su fita. Wani ba ya jin komi. Wani kuwa wurin ya yi ja, ya saɓule, in tonka ko lemun tsami ya taɓa sai hawaye. Wajen mutum ɗaya cikin ɗari ke da shi. Ya fi kama mata, kuma ya fi zuwa bayan an manyanta.

A nan ba ƙwayar cuta ce ta shigo ba. Sojojin jiki ne sunka ɓata hanya, sunka faɗa wa fatar bakin mai su. Ciwo ne mai daɗewa, shekara da shekaru, ya lafa ya taso. Masu bincike a ƙasashe da dama sun auna kortizol cikin miyan masu wannan ciwo, sun kuma auna yawan zullumin su. Da yawa sun tarar duka biyu sun fi na sauran mutane. Masu ciwon kansu sukan ce ya fi tasowa bayan rasuwa, ko rikicin gida, ko wata hasara.

Abin kuma zagaye yake yi, kamar jaki a turke. Damuwa ta tada ciwo. Ciwo ya hana cin abinci, ya sa mutum tsoron ko mugun abu ne. Tsoro ya ƙara damuwa. In kuma mutanen gida sunka ware wa mace ƙwaryarta da ludayinta, an ƙara mata wani kaya bisa kaya. Don haka mu faɗa da babbar murya: liken pilan ba ya yaɗuwa. A sha hura da ita ludayi guda, babu abin da zai faru. Abin da take bukata shi ne lokotoro ya riƙa duba bakin aƙalla sau ɗaya a shekara, domin wajen ɗaya cikin ɗari na masu ciwon, wurin yana iya rikiɗa ya zama ciwon daji. In an gani da wuri, ana iya tare shi.

Lokacin yaƙin duniya na farko, daga 1914 zuwa 1918, sojojin da ke kwana cikin ramuka a Turai sun yi fama da wani ciwo mai ruɓar da dasashi, da wari da jini da zafi mai tsanani. Tsoro, rashin barci, taba, ƙazanta da mugun abinci ne sunka haɗu. Har anka sa masa suna ciwon bakin rami. Irin wannan ruɓewar dasashi, in ta kama ƙaramin yaro mai tamowa, musamman bayan ƙyanda, ita ce ƙofar ciwon iska, wanda lokotoro ke kira noma, mai cinye kunci da leɓe. Wannan kam yunwa ce tushensa, ba tunani ba. Ya fi kama yara ƴan shekara 2 zuwa 6, kuma cikin ƴan kwanaki yake ɓarna. Yaro ya yi warin baki, dasashi na jini, kunci ya kumbura: a kai shi likita ranar nan, kada a kwana. Da farko-farko magani yana tsayar da shi. A Damagaram ƙungiyar Sentinelles ta daɗe tana kula da irin waɗannan yara, kuma a watan Disamba na 2023 OMS ta sa noma cikin jerin cututtukan da anka yi wa sakaci.

HATTARA DA ƘWAYAR KASUWA

An yi magunguna masu kama da kortizol. A 1948 anka fara ba wata mai ciwon gaɓoɓi irin wannan magani a Amurka, ta samu sauƙi cikin ƴan kwanaki. Har yau da irinsu ake kwantar da liken pilan, amma na shafawa ko na kurkurawa, a wurin ciwon, bisa umurnin lokotoro.

Ɗaya daga cikinsu shi ne deksametazon, wanda ƴan tallan magani ke yawo da shi, wasu mata na sha don su yi ƙiba. Ya fi kortizol ƙarfi nesa ba kusa ba. Mai shan shi kullum ta zuba wa jikinta abin da munka yi ta bayani da hannunta. Fuska ta cika, amma ga hawan jini, ga ciwon sukari, ga raunin ƙashi, ga farin ƙurar baki irin ta jarirai, rauni kuma ba ya warkewa. Wadda ta daɗe tana sha kada ta bari dare ɗaya, yin haka yana da haɗari. Ta je likita a rage mata sannu-sannu.

TO, MI ZA A YI?

A fara da abin da ke hannu. A wanke baki sau biyu a rana, na dare kafin barci ya fi muhimmanci, don miyau yana raguwa cikin barci. Asuwaki ko buroshi, kowanne ya yi, in dai an bi gindin haƙori a hankali, ciki da waje, har na can ƙurya. Wanda ya samu man goge haƙori, ya ƙara da shi. In dasashi ya yi jini kada a ce an bari sai ya warke. Dauɗar ce ke sa jinin. A ci gaba da sauƙin hannu, galibi cikin sati biyu jinin zai ragu. Dauɗar da ta daskare kuwa, sai mai aikin haƙori ya kankare ta.

Mai ƙuraje ya kurkure baki da ruwan ɗumi da anka tafasa, rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin kofi guda. Ya rage tonka da tsami har wurin ya lafa. Kada a sa garin taba, ko kanwa, ko ruwan batir, ko a danne ƙwayar aspirin bisa gyambo. Ƙona naman suke yi. A sha ruwa da yawa. Goro da shayi mai ƙarfi a bar su in la'asar ta yi, ko barci ya samu.

Damuwar kuma a yi mata magana. A faɗa wa amini, ko ƴar'uwa, ko wani dattijo mai riƙe sirri. In bashi ne, a je a zauna da mai bashi gaban shaida, a yanka lokaci. In mutum ya yi sati biyu ba barci, ba cin abinci, ba ya jin daɗin komi, ko yana cewa gara ya mutu, wannan ciwo ne mai magani. Ƴan'uwa su raka shi likita.

In kun je likita don ciwon baki, ku faɗa wa lokotoro duk magungunan da kuke sha, domin wasu suna busar da baki, wasu suna kawo zane mai kama da liken pilan. Ku roƙi a auna muku sukari da hawan jini. In ya tambaye ku yaya gida, kada ku tsaya ga "lafiya lau". Duk gyambon baki da ya wuce sati uku bai warke ba, ko farin tabo ko jan tabo da ba ya gogewa, ko ƙullutu mai tauri a harshe, a kai a duba, ko da ba ya zafi.